Kafin Ka Sayi DAC: Shawarwari ga Magidantan Birnin Kebbi da Argungu Masu Son Sauti Mai Daɗi a Falo

Akwai magidanta a Birnin Kebbi da Argungu da suka wuce matakin ƙaramar rediyo da akwatin Bluetooth. Ka shiga wasu falukan a Gesse ko Gwadangaji ko Badariya, za ka tarar da amfilifaya da manyan lasifika biyu, maigida kuma ya san muryar da yake so ya ji da yadda yake so ya ji ta. Da zarar kuɗi sun shigo, na albashi ne ko na shinkafar rani, sai tunani ya koma kan abin da za a ƙara. Masu sayar da kaya ta intanet kuwa amsarsu guda ce, wai a sayi majuyin sauti na musamman, wanda suke kira DAC. Na'urar tana da amfani, kuma akwai gidajen da take gyara wa sauti nan take. Sai dai a yanayinmu na zafi da ƙura da wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, ita ce ya kamata ta zo ƙarshe a jerin sayayya, ta kuma ci mafi ƙarancin kuɗi. Ga yadda nake ganin ya dace a bi abin.

1. San aikin DAC, ka kuma san cewa kana da shi tun tuni.

Waƙa ko karatun da ke cikin waya, da filashi, da faifan CD, duk lambobi ne a jere. Lasifika ba ta san lamba ba, abin da ke motsa ta shi ne lantarki mai hawa da sauka. DAC ne ke karɓar lambobin ya mayar da su wannan lantarki, amfilifaya ya ƙara masa ƙarfi, lasifika ta kaɗa iska, kunne ya ji. Duk abin da ke fitar da sauti daga fayil yana da nasa a ciki: wayarka, kwamfutarka, talabijin, dikoda, har da ƙaramar rediyon nan mai cin memori. Saboda haka mai sayen DAC na waje yana musanya wanda yake da shi ne da wani da yake fatan ya fi shi.

Ma'aunin da kamfanonin Sony da Philips suka kafa wa faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, shi ne a auna sauti sau 44,100 a sakan ɗaya, kowane awo da bit 16. Wannan ya isa ya ɗauki duk amon da ke kaɗawa har sau 22,050 a sakan, alhali kunnen yaro mai lafiya ma iyakarsa kusan 20,000 ne. Riƙe waɗannan lambobi, za su yi maka amfani idan ana ciniki.

2. Fara duba abin da kake zuba wa na'urar.

Nan ne mafi yawan gidajenmu ke asarar daɗin sauti, kuma gyaransa kusan kyauta ne. DAC tamkar injin casa yake: shinkafar da ka kai masa ita zai fitar maka, ba ya mayar da ƙwayar da ta karye tun a gona.

Yawancin waƙoƙi da karatuttukan da ke yawo a wayoyinmu MP3 ne, tsarin da masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, wanda ke zubar da wani sashe na sauti don fayil ya ƙanƙance. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a sakan. MP3 mafi kyau yana da 320, matsakaici 128, amma da yawa daga abin da masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa ke zuba wa mutane a memori bai wuce 64 ba, domin a samu a cusa ɗaruruwa a wuri kaɗan. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce duba nauyin fayil. A 128, minti ɗaya yana cin kusan megabait ɗaya. A 320, kusan biyu da rabi. A ingancin CD, kusan goma. Idan ka ga waƙar minti biyar ba ta kai megabait uku ba, an tatse ta, kuma za ka ji alamar a ƙarar kalangu da tafi da harafin "s" na mai magana, duk sukan zama kamar ana yi a cikin ruwa. Kada wani ya ce zai ɗaga maka ita zuwa 320. Nauyi kawai za ta ƙara, abin da aka zubar ya tafi.

Nemi asali mafi kusa. Idan kana da CD na gaske, a kwafe shi a tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage nauyi zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. Idan za ka aika wa ɗan'uwa ta WhatsApp, aika shi a matsayin takarda, kada ka kunna shi ka naɗa da saƙon murya. Idan kana saurare ta manhajojin intanet, shiga saitinsu ka zaɓi inganci mafi girma lokacin da kake da data, ka sauke, ka ajiye.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mai son kiɗanmu na gargajiya ya karɓa da zuciya ɗaya. Kotson Musa Ɗanƙwairo, da waƙoƙin Narambaɗa, da na Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri, da Tabukar Audu Makaho na Birnin Kabi, da yawansu an ɗauke su ne a faɗa ko filin biki ko ɗakin gidan rediyo, da makirufo ɗaya, a kan tef, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset. Haka ma murattal ɗin Shaihu Mahmud Khalil al-Husari da aka naɗa a Masar a 1961. Darajar waɗannan sautuka ba ta da iyaka a wurina, amma iyakar tsabtarsu an riga an yanke ta ranar da aka ɗauke su. Haka bidiyon da ɗanka ya ɗauko da waya a bakin Matan Fada ranar kamun kifi, ga makaɗa cikin kwale-kwale, ga iska tana dukan makirufo. Abin da waɗannan ke buƙata shi ne lasifika mai fitar da muryar mutum a sarari, wadda ba ta ƙara kaifi a sama. DAC na miliyoyi ba zai ƙara musu ko ƙwayar zarra ba.

3. Gyara wuta kafin ka ƙara ko da waya ɗaya.

Babban layin da ya taso daga Kainji yana sauka a Birnin Kebbi, daga nan wuta ke wucewa Sakkwato da ƙetaren iyaka. Duk da haka, abin da ke isa soket ɗin falo ya danganta da taransifomar unguwa da yawan masu ja a kanta. Ma'aunin ƙasarmu bolt 230 ne, amma a ƙarshen layi, da maraicen bazara lokacin da kowa ya kunna fanka da firij, yakan faɗi ƙasa sosai, wani lokaci kuma ya dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Sayi ƙaramin mita na masu gyaran rediyo ka riƙa aunawa safe da yamma har mako guda, za ka san halin gidanka.

Idan wutar tana lilo, sa sitabilaiza mai ƙarfin da ya ninka abin da kayanka ke ja, ka haɗa da ƙaramar na'urar nan da ake sa wa firij, mai jinkirta shigar wuta na ɗan lokaci bayan an dawo da ita. Dawowar farko ita ce ke kashe kaya. Idan gidan sola ne, tambayi wanda ya haɗa maka ko inbatar tana fitar da wuta mai santsi irin ta layi, ko kuwa mai hawa-hawa ce irin ta masu araha. Ta biyun tana sa taransifomar cikin amfilifaya ƙugi da zafi, kuma za ka ji zizar a lasifika komai tsadar DAC ɗinka. Ƙaramin janareto ma haka, musamman idan mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa. Kashe kayan sauti kafin a juya layi, ka bari injin ya daidaita tukuna.

Sai batun wayar ƙasa. Gidaje da yawa suna da soket mai ƙafa uku amma ƙafa ta ukun ba a haɗa ta da komai ba. Idan ka taɓa jikin amfilifaya ka ji yana ɗan cizon hannu, kira ƙwararren mai wayarin ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta yadda ya kamata, ya kuma sake dubawa a tsakiyar rani, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta kamar jiƙaƙƙiya. Kada ka yarda wani ya karya ƙafa ta uku wai don ƙugi ya daina. Ran mutanen gida ya fi kowane sauti.

A saba da wannan tsari, a koya wa yara ma: wajen kunnawa amfilifaya ne na ƙarshe, wajen kashewa shi ne na farko.

4. Ɗakin ma kayan sauti ne.

Tsaya tsakiyar falo ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji amsa-kuwwa mai kaifi tana bin tafin, to ɗakin yana ɓata duk abin da lasifika ta fitar. Ginin zamani na tayil da silin mai sulɓi da manyan gilasai shi ne ya fi wannan matsala. Maganin yana hannun uwargida: kafet mai kauri tsakanin lasifika da mazauni, labule mai nauyi a tagogi, kujeru masu kushin, kantar littattafai a bangon baya. Bambancin da wannan ke kawowa kowa a gidan zai ji shi, har wanda bai damu da sauti ba.

Janye lasifika daga bango kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, kada kuma ka cusa su a kusurwa, nan ne kaurin sauti ke kumbura ya danne murya. Nisan da ke tsakanin lasifikan biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa inda kake zama, kamar mita biyu zuwa biyu da rabi, ka ɗan karkato su su fuskance ka. Ƙaramin idon lasifika mai fitar da siririn sauti ya kasance daidai tsayin kunne. Wannan ya sha bamban a gidajenmu, domin da yawanmu a kan darduma muke kishingiɗa mu saurari tafsiri ko waƙa. Idan haka kake zama, sauko da su ƙasa-ƙasa ko ka ɗan sunkuyar da su. Lasifikar da aka rataye can kusa da silin tana yi wa fanka magana ne.

5. Mafi yawan kuɗin su tafi kan lasifika, sannan amfilifaya.

Tsakanin lasifika biyu daban-daban bambanci a bayyane yake ga kowane kunne. Tsakanin DAC biyu masu lafiya kuwa sai an yi da gaske. Idan kana da kuɗin gyara abu ɗaya kawai, lasifika za ka canza.

Kada lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ta ruɗe ka. Wat 5,000 da aka biyo da haruffan PMPO ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi. Juya bayan na'urar ka ga wutar da take ja daga soket. Abin da ke jan wat 60 ba zai iya ci gaba da fitar da abin da ya fi haka ba. Nemi lambar RMS, a kan om 8 ko om 4. Ga falo matsakaici, wat 40 zuwa 80 na gaskiya a kowane ɓangare sun wadatar. Duba kuma ƙarfin amsawar lasifika, wanda ake rubutawa da desibel. Mai 90 tana buƙatar rabin wutar da mai 87 ke buƙata don su yi ƙara ɗaya. Ga mai dogaro da batirin sola wannan ba ƙaramin abu ba ne, kamar yadda amfilifaya ajin D, mai isar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ja ga lasifika, ya fi dacewa da mu fiye da tsofaffin masu zafi.

Kayan hannu na biyu irin su Yamaha, Technics, Pioneer, Marantz, Denon da NAD, waɗanda ake samu a Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano, sau da yawa sun fi sababbin masu ƙyalli. Amma karanta bayansu kafin ka soka a wuta. Wanda aka yi wa kasuwar Japan bolt 100 yake ci, na Amurka 120. Ka sa shi kai tsaye a wutarmu, hayaƙi zai biyo baya. Dole sai da taransifoma mai rage wuta. Rediyon cikin na Japan ma zangonsa na FM daga 76 yake farawa, ba zai kamo maka yawancin tashoshinmu ba. A lasifikar gwanjo kuma, cire murfin gaba ka shafa zoben da ya kewaye bakin. Idan na soso ne yana marmashewa, sai an sake shi, a rage maka kuɗi.

6. Ga lokutan da DAC na waje ke biyan kuɗinsa.

Na farko, idan kana so ka haɗa sabon talabijin da tsohon amfilifaya. Talabijin na yanzu da yawa ba su da jan rami da farin rami na fitar da sauti, sai ramin haske da aka rubuta wa Optical, fasahar da Toshiba ta fito da ita a 1983. Ƙaramin DAC mai karɓar wannan waya zai sa labarai da fina-finan Arewa24 da wasan ƙwallo su fito ta manyan lasifikanka. Ka tabbata ka shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM. Idan ka bar shi a kan Dolby, ko dai ka ji shiru ko ka ji shaaa mai ƙarfi, ka ɗauka na'urar ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Na biyu, idan kwamfutarka tana saka ziza ko ƙyas-ƙyas a lasifika, musamman idan tana caji. Na uku, idan akwai ƙugi mai kauri da ke ɗaukewa da zarar ka zare wayar dish daga dikoda. Wannan alama ce ta wutar da ke zagayawa tsakanin kayan ta jikin wayoyinsu, wayar haske kuwa tana yanke wannan hanya tun da ba ƙarfe a cikinta. Na huɗu, idan wayarka ba ta da ramin abin sa wa kunne, abin da ya yaɗu tun da Apple ta cire shi daga iPhone 7 a 2016. In babu ɗaya daga cikin waɗannan a gidanka, kuma sautin yana fita tsaf, ajiye kuɗinka.

7. Yadda ake kwatanta su a takarda.

Kasuwar ta kasu kusan gida uku. Akwai 'yan ƙanana masu kama da guntuwar waya, da ake soka wa wayar hannu. Na kamfanin Apple dala 9 ne a Amurka, kuma tsabtar sautinsa ta ba masu awo mamaki. Ka dai kiyayi na jabu, suna da yawa. Akwai na tebur, tsakanin dala 100 zuwa 200, irin su Topping, SMSL da FiiO na ƙasar Sin, da Schiit Modi na Amurka. Sai manya irin su Chord da dCS na Ingila, waɗanda wasu ke kai dubban daloli, wasu ma dubu goma-goma. An ce araha ba ta ado, amma a wannan fanni ajin tsakiya ya riga ya kai inda kunnen ɗan Adam ke tsayawa.

Ga dalili. Faifan CD yana da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙarancin amo da mafi ƙarfi. DAC na dala 150 a yau yakan nisanta hayaniyarsa da sauti da desibel 110 zuwa 120. Yanzu sauke manhajar auna ƙara a wayarka ka auna falonka ana tsakar Afrilu, fanka tana juyawa, janareton maƙwabci yana aiki. Da wuya ka samu ƙasa da 40 ko 50. Kai kuma da wuya ka saurari abin da ya wuce 85 ko 90. Ka ga tazarar da kunnenka ke aiki a cikinta ba ta kai rabin abin da na'urar ke iyawa ba. Mai gaya maka cewa tasa 125 ce ta wancan kuma 118, gaskiya yake faɗi, amma gaskiyar da injin awo ne kaɗai zai shaida.

Za kuma ka ji ana ambaton sunan ƙwaƙwalwar da ke ciki: ESS Sabre, AKM, Cirrus Logic, Burr-Brown. Duk suna da kyau idan an gina kewayensu da kyau. Lokacin da masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan ta yi gobara a Oktoban 2020, kamfanoni da dama sun koma ESS a cikin na'urorinsu, kasuwa kuma ta ci gaba. Haka batun tsarin R-2R da ake yabo da laushi da tsarin delta-sigma da ya fi yawa, kada ka biya ƙarin kuɗi a kansa sai kunnenka ya tabbatar ta hanyar da za ta zo a gaba.

Abin da zan duba ni shi ne: yana da ramukan da nake buƙata, USB da na haske da na coaxial? Yana da rimot da maɓallin ƙara? Yana fitar da kusan bolt 2, wanda yawancin amfilifaya ke so? Yana cin bolt 5 ta USB? Wannan na ƙarshe alheri ne a gare mu, domin za ka iya ba shi wuta daga batirin cajin waya, ka raba shi da dattin layi gaba ɗaya.

8. Yadda ake kwatanta su da kunne.

Kunne yana da rauni biyu. Abin da ya ɗan fi ƙara, ko da kaɗan ne, yakan ji shi kamar ya fi daɗi da faɗi. Abin da ido ya ga ya fi tsada ma haka. Duk gwajin da bai toshe waɗannan ƙofofi biyu ba, ba a gwada komai ba.

Ari DAC ɗin aboki ko ka roƙi mai kaya ya ba ka kwana biyu. Haɗa shi da naka a ramuka biyu na amfilifaya ɗaya. Kunna sautin gwaji mai kaɗawa sau 400 a sakan, a ƙara matsakaiciya, ka ɗora mita a inda wayar lasifika ke fita. Idan na farko ya nuna bolt 2.00, daidaita na biyu da maɓallinsa har ya faɗa tsakanin 1.98 da 2.02. Sannan ka juya baya, ɗanka ko ƙaninka ya jefa tsabar kuɗi ya zaɓi wanda zai kunna, ya rubuta a takarda, kai kuma ka faɗi wanda kake ji. A yi sau goma da abin da ka haddace sautinsa: muryar mai karatun da ka saba da ita, kalangun Shata, kuntigin Ɗan Maraya Jos, da sabuwar waƙa ɗaya da aka naɗa da kyau a situdiyo. Idan ka canka tara cikin goma, bambancin na gaske ne, ka yanke shawara ko ya kai kuɗinsa. Idan biyar ko shida ne, sa'a ce kawai.

Masana ma haka suke yi. A 2007, Brad Meyer da David Moran sun wallafa sakamakon gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda masu saurare suka yi ƙoƙarin bambance faifai masu ma'auni mafi girma da irin sautin da aka rage zuwa ma'aunin CD. Cikin gwaji 554 an canka 276, wato rabi. An soki wasu sassan aikin nasu, kuma a 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama ya samu kashi 52.3 cikin ɗari, ɗan bambanci na gaske amma siriri ƙwarai, wanda ya fi fitowa ga waɗanda aka horar. Wannan shi ne girman abin da ake kashe dukiya a kansa.

9. Bluetooth yana tsallake DAC ɗinka.

Idan ka tura sauti ta Bluetooth, wayar tana sake matse shi, kuma na'urar da ta karɓa ce ke juya shi. Tsarin SBC da kowa ke da shi iyakarsa kusan kilobit 328, LDAC na Sony yana kai 990 idan ɓangarorin biyu sun san shi. Don hira da aikin gida ya wadatar. Ranar da ka zauna saurare na natsuwa, sa waya.

10. Wayoyi: jan ƙarfe na gaske, shi ke nan.

Wayar lasifika mai kaurin milimita 1.5 ta isa gajeren zango, 2.5 idan ya kai mita goma. Kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya, idan cikin ya yi fari to alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka lasifikan, in ba haka ba kaurin sauti zai ɓace, murya ta rasa mazauni a tsakiya. Wayar USB ko ta haske mai tsadar gaske ba ta ƙara komai a kan mai lafiya ta talaka.

11. Bazara, hunturu da damina kowanne da nasa.

A Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Ƙananan tulunan ajiyar wuta da ke cikin amfilifaya da DAC, duk ƙarin digiri goma yana rage kusan rabin kwanansu. Kada ka kulle kaya a kabad mai gilashi, kada ka ɗora dikoda a kan ramukan shan iskar amfilifaya, bar masa aƙalla tsawon tafin hannu a sama. Amfilifaya mai kwalabe, wanda ake yabo a ƙasashen sanyi, yana cin wuta yana dafa ɗaki, ban ga dacewarsa da Kabi ba sai ga mai na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya.

Da hunturu, rufe kaya da ƙyalle idan an kashe, a yaye idan an kunna. Maɓallin ƙara da ya fara ƙarar-ƙarar ƙura ce, mai gyara zai fesa masa maganin wanke shi, ba sai an sayi sabo ba. Da damina, gidajen da ke kusa da fadamar Rima suna fama da laima, bakin wayoyi yakan yi tsatsa, a zare a goge a mayar. Hadari ya taso da walƙiya, zare filogi daga bango, ka zare wayar dish da ta eriya. Kashe maɓalli kaɗai ba ya tare aradu.

12. Tausaya wa kunnenka da na yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a 90 awa huɗu ne kacal. Ga yara ta sa 75. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Kaurin sauti kuma yana ratsa katanga fiye da yadda mai ɗaki ke zato, a rage shi lokutan salla da bayan isha'i saboda haƙƙin maƙwabta.

13. Idan akwai ragowar kuɗi, ceci kaset ɗin gidanku.

Na fi son in ga magidanci ya sayi na'urar da ke aikin DAC a juye, wato mai mayar da sauti lambobi, fiye da ya sayi DAC na biyu. A akwatuna da kwabobin gidajen Argungu da Gwandu da Jega da Birnin Kebbi akwai kaset na tafsirin malaman gari, da wa'azin da ba a taɓa bugawa ba, da kiɗan naɗin sarauta, da waƙoƙin masunta da manoma da 'yan dambe, da muryoyin iyaye da aka aiko daga Makka ko Kumasi. Tef yana lalacewa da zafi da laima, injinan kunna shi kuma suna ƙarewa.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: dek na kaset mai lafiya, ƙaramar na'urar USB mai ramukan shigar sauti irin Behringer UCA202, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. A goge kan dek ɗin da auduga da sifirit, a sa mai gyara ya duba belinsa don kada gudu ya ragu ko ya ƙaru. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, a zagaya shi gaba da baya sau ɗaya kafin a kunna. A naɗa a ma'aunin CD, a kula kada alamar ƙara ta taɓa ja, a ajiye a FLAC. Awa ɗaya ba za ta wuce megabait 300 zuwa 400 ba. Kada a goge shaaa ɗin tef daga kwafin asali, a yi wannan a kwafi na biyu in ana so. A sunan kowane fayil a rubuta mai magana ko mawaƙi, da garin, da shekarar in dattawan gida sun tuna, sannan a yi kwafi biyu, ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wani gari.